Yayen da Ya Kai Ni Irlanda

Ƙarshen bazara ne, lokacin da kogi ke janyewa ya bar laka tana tsagewa, awaki suna bin inuwar katanga. Shekarar ba ta yi mana daɗi ba. Dawa ba ta yi auki ba, albasa ta ruɓe a rumfa, ga shi shekara ta biyu ke nan da rasuwar Malam, gida ya yi mini faɗi. Cikin wannan zafin ne Dakta ta bugo waya daga Irlanda, ta ce in zo in yaye mata yaro.

Dakta ɗiyata ce ta fari, saboda haka ba na kama sunanta. Tun tana ƙarama "ke" nake ce mata. Da ta gama karatun likita, mutanen ƙauyenmu na kusa da Sinja, a ƙasar Sudan, suka sauƙaƙa mini, kowa ya koma ce mata Dakta, ni ma na bi. Ba ma doguwar hira, kuma abin da ba ta faɗa mini ba, ba na tambaya. Sai dai da na ajiye wayar na zauna ina juya maganar. A wurinmu yaro ake kai wa kaka idan za a yaye shi. Ban taɓa jin an ɗauko kaka an kai wa yaro ba.

A filin jirgin Alkahira aka sauke mu don mu jira wani jirgin. Wani mutum mai riga da aljihu barkatai ya tare ni yana "Ya Hajja, ya Hajja," kafin in ankara ya zare fasfo da tikiti daga hannuna, wai zai kai ni ƙofar da ta dace. Ban yi masa gardama ba, na dai kama bakin rigarsa na riƙe gam. Ya yi sauri, na yi sauri. Ya tsaya, na tsaya. Da ya gaji ya kai ni gindin wani allo, ya ce in ba shi na shayi. Na kwance bakin mayafina na cika masa tafi da soyayyar gyaɗa. Ya dubi gyaɗar, ya dube ni, ya faɗi wata magana da ba ta rubutuwa, ya miƙo mini takarduna. Ashe ƙofar ma ba ita ba ce. Wata mai shara ce ta ga ina ta raba ido, ta jingine tsintsiyarta, ta kama hannuna har inda ya kamata. Ita ta nuna mini famfon da ba a murɗawa, sai ka tara hannu ruwa ya zubo, na samu na yi alwala. Na ba ta gyaɗa ta ƙi karɓa.

A Dablin, babban birnin Irlanda, ma'aikatan filin jirgi suka buɗe jakata. Suka ƙwace kilishin da na yi kwana uku ina shanyawa. Garin kuɓewa suka bar mini. Da ma'aikacin ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci, sai ya ɗaure da sauri ya turo mini, kamar mai ba ni haƙuri.

Usman, mijin Dakta, shi ya zo tarbata. Shi ma likita ne. Ya durƙusa a tsakiyar Turawa ya gaishe ni, na ji daɗin haka.

"Mutanen gidan fa?" na ce.

"Tana aiki, Inna. Tun jiya da safe ta shiga."

"Tun jiya?"

"Haka aikin yake a nan."

Muka shiga mota. Muka yi tafiyar awa uku cikin yayyafi, ciyawa kore shar ta ko'ina, tumaki ba makiyayi.

Gidan ƙarami ne, a bayan asibitin wani gari da har na baro shi ban iya faɗin sunansa ba. Na taras da jikana Bashir a hannun wata mata mai raino. Na ce, "To Maigida, ga amaryarka ta iso, ina kayan lefe?" Ya ɓoye fuska. Da la'asar Dakta ta shigo. Ta rame, idonta ya faɗa. Ta durƙusa ta ce, "Inna, kin sha hanya," na ce, "Kin wuni lafiya?" Iyakar abin da muka ce ke nan bayan shekara huɗu ba mu ga juna ba. Ta tashi za ta dafa mini shayi, barci ya ɗauke ta a kan kujera, butar na ta kuka.

Kashegari na fara duba gidan da idon mace. Shekara huɗu a ƙasar, amma tukunya biyu ce kawai a waje. Babu ko hoto a bango. A ɗakin da aka ba ni, kwalaye ne jibge har kusan rufi, an liƙe bakinsu. Na yi ajin yaƙi da jahilci bayan na girma, ina karanta Larabci a hankali, harafi bayan harafi. A jikin kowane kwali akwai rubutun Dakta: kayan girki, littattafai, kayan sanyi. A ƙasa kuma sunan gari, an soke shi, wani sunan, an soke, har biyar. Na shida ne kaɗai ba a soke ba.

Ran Lahadi da yamma Usman ya ɗauki jaka ya yi mini sallama.

"Ina zuwa kuma?"

"Wurin aikina, Inna. Wani gari ne, can kudu. Sai Juma'a, in ba ni da aikin kwana."

Miji a wani gari, mata a wani gari, kaya a ɗaure. Na ce a raina ko dai auren ne ya yi tsami suke ɓoye mini. Amma na ga yadda ya gyara mata wuyan riga kafin ya fita, na ajiye wannan zaton.

Akwai wata tsohuwa a gidan da ke jikin namu, mai farin gashi kamar auduga. Kullum in na goya Bashir na fito ƙofa sai ta ɗaga mini hannu. Wata rana ta kawo masa 'yar rigar ruwa ja, ta jikanta ce da ta yi masa kaɗan. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Ta nuna gidanmu, ta fara lanƙwasa yatsu. Ta kwatanta mai gemu, ta kwatanta mai lulluɓi, ta kwatanta mai ɗigo a goshi, kowanne sai ta kaɗa hannu alamar ya tafi. Yatsunta suka ƙare ba ta gama ba. Sannan ta nuna Bashir, ta kaɗa hannu, ta taɓe baki cikin tausayi. Na koma ciki. Wane irin gida ne wannan da ba ya riƙe mutane?

Lokutan sallah ma sun rikice mini, rana ba ta son faɗuwa. Ina kewar ƙarar injin ban-ruwa da asuba, da maƙwabciyata da ke leƙo katanga ta ari gishiri ta zauna awa biyu. A nan in an rufe ƙofa, sai ƙarar firji.

A mako na uku na so in tuƙa tuwo, tukwanen da ke waje ba su isa ba. Na yanka bakin kwalin da aka rubuta wa kayan girki. A saman tukwanen akwai wata jakar leda. Ban buɗe don bincike ba, Allah ya sani, zubowa ta yi. Katuna ne biyar masu igiyar ratayawa a wuya, irin wanda Dakta ke sawa in za ta aiki, kowanne da kalarsa da tambarinsa. Na jera su a ƙasa. Fuska ɗaya ce a jiki, amma ta farko tana dariya da kumatunta, ta ƙarshe kuwa kamar wadda ta tashi daga jinya.

Ƙarƙashinsu akwai fasfo sabo fil, da hoton Bashir. Akwai tikiti. Akwai kuma takarda mai hatimi, da Larabci. Na sa yatsa ina bin layi. Na ga sunana cikakke, Hawwa Adam Abdullahi. Na ga kalmar wakilci. Na ga sunan yaron, na ga kalmar tafiya.

Na ɗauko tikitina na ajiye kusa da nasa. Turanci ne, ba na karantawa, amma lamba ba ta da yare. Nawa layi biyu ne, zuwa da komawa. Nasa layi ɗaya ne, kuma ranar da ke jiki ita ce ranar komawata.

Na mayar da komai yadda na same shi. Na tuƙa tuwon a ƙaramar tukunya, sau biyu.

Mako biyu na yi da abin a cikina. Ina kallonta in wasiƙa ta faɗo ta ramin ƙofa, yadda take yage ta a tsaye, ta karanta, ta cusa a aljihu. Ina jin ta a waya da Usman, in na shigo su juya zuwa Turanci. Babu abin da ban saƙa ba. Na ce ko wani ya mutu a hannunta ake korarta daga gari zuwa gari. Na ce ko takardunta ne ba su cika ba, irin wahalar da muka sha a Sudan kafin a ba ta takardar ɗan ƙasa, ana tambayar inda aka haifi kakan kakanta. Har na ce ko dai ba aikin likita take yi ba, wanke marasa lafiya take yi tana jin kunyar faɗa. Da ƙanwarta ce, da tuni na zaunar da ita na ce, "Ke, faɗa mini gaskiya." Amma wannan ta fari ce. Sai in buɗe baki, in ji na ce, "A ƙara miki miya?"

Wata Asabar a watan bakwai ta ce mini, tana kallon ƙasa, "Yumma, gobe za mu tashi." In abu ya yi mata nauyi Larabci ke zuwa bakinta, Inna ta koma Yumma.

"Zuwa ina?"

"Wani asibitin. Arewa da nan."

"To," na ce. "Allah ya sa alheri."

Da hantsi wata farar motar kaya ta tsaya a ƙofa. Mai tuƙin dattijo ne ɗan Sudan, furfura ta cinye masa kai, ana ce masa Dakta Babikir. Kafin mu gama fitar da kwalaye, wata mota ta tsaya a bayan tasa, cike da katifu da tukwane, da mutum da matarsa da yara uku, 'yan Pakistan. Suna jira mu fita su shiga. Matar ta yi mini sallama, ta dubi tagar kicin irin kallon da na yi mata ranar da na zo. Tsohuwar maƙwabciya ta fito ta sumbaci Bashir a ka, ta matse mini hannu.

Ni aka sa a gaba kusa da Dakta Babikir, yaron a cinyata, su Dakta suna biye a ƙaramar mota. A hanya na fara lura. Mota ta wuce mu da akwatuna a sama, baƙar fata ke tuƙi. Wata ta wuce, mai lulluɓi a ciki, keken yaro a ɗaure a baya. Wasu suna yin inda muka fito, wasu suna yin inda za mu. Dakta Babikir yana ɗaga musu hannu.

"Duk ka san su?" na tambaye shi da Larabci.

"Ya Hajja, yau ranarmu ce. Sau biyu a shekara, tsakiyar sanyi da tsakiyar zafi. Wancan likitan ƙashi ne, gidan da ya bari shi za ku shiga."

Na tattara ƙarfin hali. Shi ba ɗana ba ne, ina iya tambayarsa. "Laifin me suka yi ake korarsu?"

Ya yi dariya har motar ta karkace. "Wa ya ce kora ce? Takardar aikin ce wata shida. In ta ƙare ka nemi wata. Ɗiyarki ma rububinta ake yi, hannunta yana da kyau."

"In hannunta na da kyau, me ya hana su riƙe ta?"

"Aikin iri biyu ne, Hajja. Akwai wanda ake koya maka, kana hawa mataki mataki har ka zama babban likita mai kujerarsa. Wannan 'yan ƙasa ake fara ba, sai maƙwabtansu, in ya ragu a waiwaye mu. Akwai kuma na toshe gurbi: kwana, ƙarshen mako, garuruwan da nasu ba sa so. Aiki ɗaya, marasa lafiya ɗaya, amma shekarunka ba sa hawa da kai ko'ina. Ni na zo da baƙin gashi, na ce shekara biyu zan yi."

"Me ya hana ka komawa gida?"

"In koma a me? Yaran da na koya wa ɗinkin rauni su ne manya yanzu a Khartum." Ya dube ni. "Daga wane gari kike?"

Na ce Sinja, amma na yi shekaru a kambo wajen Kamlin, bukkokin da 'yan tsintar auduga ke zama a bakin gonaki. In an gama tsinta a zo da babbar mota a kwashe mu zuwa inda ake nema. Ba a yarda mu yi ginin ƙasa ba, ba a yarda mu dasa itace ba.

Ya buga sitiyari. "Kamlin! Ubana yana da hawasha a can, gonar auduga ta gwamnati. Wataƙila ma a gonarmu kika yi tsinta."

"Wataƙila. In mai jan rawani ne da ke danne buhu da ƙafa wajen awo, na san shi."

"Shi ne, wallahi shi ne!" Ya yi ta dariya yana share ido. "To ga shi yau ɗan mai gona da ɗiyar mai tsinta, kambo ɗaya."

Ni ban yi dariya ba. Na dubi motocin nan masu katifa a ka, na gane ranar. Na sha ganinta. Domin kada yarinyar nan ta san wannan ranar ne na yi shekaru ina sunkuye a cikin auduga.

Da azahar muka isa. Usman ya tafi mayar da motar tare da Dakta Babikir. Bashir ya yi barci a kan tulin barguna. Dakta ta ɗauko alƙalaminta mai kauri tana bin kwalaye tana soke suna na shida. Na buɗe na kayan girki, na ciro jakar ledar, na ajiye a gabanta. 

Ta daɗe tana kallonta. "Yaye ne kawai, Inna."

"Yaye da hatimi?"

"Da zan faɗa miki."

"Yaushe? A bakin jirgi?"

Sai ta zauna a kan kwali, maganar ta ɓalle, rabi Hausa rabi Larabci. Akwai jarrabawa bayan wata huɗu, ta faɗi sau ɗaya, saura dama kaɗan. In ta ci, ƙofa za ta buɗe, ko Ingila ko ƙasashen Larabawa, aikin shekaru a wuri ɗaya, ita da Usman rufi ɗaya. In ba ta ci ba, ga Dakta Babikir nan na gani. Ta ce tana dawowa daga aikin kwana ta buɗe littafi, yaron na kuka, sai ta rasa wanda za ta kama. Masu raino huɗu ya yi, ga ta biyar za a nema gobe. Ran nan ya faɗi ya fasa leɓe, ya wuce ta ya miƙa wa mai raino hannu.

"Ba ga shi ni ma wurin kaka na tashi ba?" ta ce. "Me ya same ni?"

Nan ne maganar ta taɓa inda ban so ba. Tana da wata ashirin na kai ta wurin mahaifiyata a Sinja, na ce yaye ne, in an gama tsinta zan zo in ɗauke ta. Aka gama tsinta, aka ce ga aikin rake. Aka gama rake, ga ciki. Shekara bakwai. Ranar da na je ɗaukarta ta leƙo daga bayan zanen kakarta ta ce wa kakar, "Inna, kin yi baƙuwa." Mutane suna ganin yadda muke da ita su ce kai, Hawwa akwai kunyar ɗan fari. Na bar su a haka, don ya fi sauƙin faɗa.

"Abin da ya same ki," na ce a hankali, "shi ne kin yi takarda da hatimi kin ɓoye a cikin tukunya, don ba ki iya tambayar uwarki abu baki da baki ba. Ni kuma na gani na yi mako biyu ban iya tambayarki ba."

Ta sa fuska a tafin hannu. Ban taɓa ta ba, ban san ta inda ake farawa ba. Na tura mata kofin ruwa.

"Zan tafi da shi," na ce. "Amma ni ma takardata wata shida ce, irin taku. Tawa ba a sabuntawa. Ki ci jarrabawar, ki faɗi, ranar da motocin nan za su sake fitowa hanya, ki zo da ƙafarki ki ɗauki ɗanki. Kuma a canza tikitin nan ya zama layi biyu. In gani da idona kafin in hau jirgi."

"Wallahi, Inna, da an gama..."

"Kar ki rantse. Ni ma na rantse."

Ta gyaɗa kai. Ta yarda har zuciyarta, na sani. Ni ma a lokacina har zuciyata na yarda. Shi ya sa hankalina bai kwanta ba.

Da gari ya waye na dama kunun gyaɗa, na ba Bashir da cokali tun kafin ya nemi nono. Ya ture, ya yi kuka, ya sha. Dakta tana kicin tana wanke kofuna, ta ba mu baya, za ta fara aiki a sabon wurin ƙarfe takwas. Na zazzage jakar ledar, na zaɓi kati na farko, mai dariya da kumatu. Na rage tsawon igiyar, na ƙulla, na rataya masa a wuya. Na ɗora shi a cinya, na ɗaga katin daidai idonsa, na sa yatsansa a kan fuskar.

"Maigida, dubi nan. Wace ce wannan?" Sunan ya yi mini nauyi a baki, na dai furta shi. "Safiya ce. Safiya, uwarka. Faɗi in ji."

A kicin na ji an rufe famfo.

Yaron ya kai katin baki yana tauna. Na ciro shi, na goge da bakin zane, na sake ɗagawa, muka fara daga farko.